Midland WR120: rediyon da aikinsa tada mai barci

Duk wanda ke zaune a ƙauyukan jihar Kansas ta Amurka ya san jiniyar gargaɗin guguwa don mutanen da ke waje aka yi ta. Gidanmu kuwa yana da nisa da gari, ko iska ta biyo ta wajenmu ba ma jin kukanta, ga sabis ɗin waya da sai ya ga dama. Abin da ya sa na sayi wannan rediyo ke nan.

Ba ya kama tashar kiɗa ko labarai. Tashoshi 7 kawai yake kamawa, daga megahaz 162.400 zuwa 162.550, inda NOAA, hukumar gwamnatin Amurka mai kula da yanayi, ke watsa bayanan yanayi dare da rana. Yana zaune shiru a gefen gado, har sai an fitar da sanarwa, sannan ya kwarma ihu. Ihun ba na wasa ba ne, yana tada har yaran da ke ɗaki na biyu. Jar fitila a jikinsa na nufin abin ya iso, a nemi mafaka. Mai launin ruwan lemo kuma a zauna cikin shiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin SAME, wanda ke tace sanarwa bisa ga yankin da kake. Kowace gunduma tana da lamba mai alƙaluma 6, idan ka saka taku, rediyon ba zai dame ka da abin da ke faruwa a can wata uwa duniya ba. Ni na ƙara da ta gundumar da ke kudu maso yamma da mu, domin daga can hadarin ya fi tasowa. Sai dai gundumomin karkara suna da faɗi. Za a iya tashe ka tsakar dare saboda ƙanƙarar da ke zuba a ɗaya ƙarshen, kai ko yayyafi ba ka gani ba. Maigidana yana mita, ni dai na gwammace hakan. A daren 4 ga Mayu 2007 guguwa ta rushe kusan kashi 95 cikin 100 na garin Greensburg da ke nan Kansas, ta kashe mutum 11, kuma gargaɗin da ya riga ta isowa ne ya ba jama'a damar sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

Da wutar lantarki yake aiki, amma yana cin batir AA guda 3 don lokacin da aka ɗauke wuta, wanda kuwa shi ne lokacin da aka fi buƙatarsa. A riƙa canza su kafin bazara. Galibi ranar Laraba da hantsi ake gwajin mako-mako, nan za ka gane ko yana kamawa. Mai gida a kwari ya sa shi kusa da taga, ko ya ƙara masa eriya.

Rediyon mutanen gida ɗaya yake tayarwa. Dattijuwar da ke maƙwabtaka da mu kunnenta ya yi nauyi, don haka muka yi da ita cewa duk sanda namu ya yi kuka zan kira ta, in ba ta ɗauka ba ɗana ya je da mota. Daga baya muka haɗa mata fitila mai walƙiya da ake jonawa a jikin rediyon, ana sayar da ita daban.