Haƙuri ko neman haƙƙi: wanne ya dace da Kiristan da aka zalunta?

Tambayar nan ta yawaita a ikkilisiya: an hana mutum ƙarin girma don ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, ya jure ko ya kai ƙara?

Kafin komai, a tantance dalilin wahalar. 1 Bitrus 4:15 ta ce kada Kirista ya sha wahala a matsayin mai kisa, ɓarawo, mai mugunta ko mai shisshigi. Wanda aka kora don makara kullum, laifinsa ne ya kama shi.

Haƙuri ba ya cin kuɗi, kuma 1 Bitrus 2:20 ta ce abin karɓa ne wurin Allah. Haɗarinsa biyu: yakan rikiɗe ya zama ƙullatar zuci, azzalumi kuma ya samu sarari ya taka na gaba.

Neman haƙƙi ma yana da tushe. A birnin Filibi, da aka yi wa Manzo Bulus bulala ba shari'a, ya ƙi fita a ɓoye, ya ce mahukunta su zo da kansu (Ayyukan Manzanni 16:37). Daga baya, a wata shari'ar, ya ɗaukaka ƙara gaban Kaisar, sarkin Roma. Sai dai hanyar na cin lokaci: shekara 2 ya yi tsare a Roma. Tana kuma buƙatar shaidu da takardu. In ɗan'uwa mai bi ne ya yi laifin, Matiyu 18:15-17 ta ce a fara ganinsa shi kaɗai.

Haƙuri ya dace da wanda cutar ta tsaya kansa, kamar zagi ko gori. Ƙara ta dace da wanda shirunsa zai cuci marayu, ma'aikata ko iyalinsa.