Na Edison mai gwangwani ko garmaho mai faifai: wanne za a fara saya?

Malam, ka ce kuɗinka na guda ɗaya ne, kuma ka rasa zaɓi tsakanin injin Edison da garmaho. Ni dai garmaho zan ce, amma bari ka ji dalili.

Edison ne ya riga kowa, a 1877. A injinsa, murya tana zaune ne a jikin wani abu mai siffar gwangwani, allura na hawa da sauka cikin zanen. Emile Berliner, Bajamushen da ya zauna Amurka, ya yi rajistar nasa a 1887: faifai shimfiɗaɗɗe, allura na kaɗawa hagu da dama. Saboda haka kayan wannan ba ya shiga wancan. Ko faifan da Edison ya fito da shi daga baya, Diamond Disc, kada ka ɗora masa allurar ƙarfe ta garmaho, za ta cinye shi.

Wajen abin saurare garmaho ya yi nisa. Faifai mai juyi 78 a minti an buga shi a duniya har bayan 1950, shi ne ma ya iso ƙasar Hausa har muka sami kalmar garmaho. Edison kuwa ya rufe harkar a 1929. Gwangwanayen waƙa da ya fara sayarwa na kaki ne, minti 2 kacal, suna fashewa, kuma danshi na sa musu fumfuna. Sai gwangwaninsa Blue Amberol na 1912, mai minti 4, shi ne mai ƙarko. Inda Edison ya fi: allurarsa ta dutse ce mai daɗewa, ta garmaho kuwa ana canja ta bayan kowane faifai, in ba haka ba ka kashe faifan da hannunka.

Tunda ka ce tarihin kamfanonin ma na jan ka, nan ma garmaho ya fi reshe. Eldridge Johnson, makanike a garin Camden na Amurka, shi ya ƙera wa Berliner injin da ake yi wa wani kamar agogo, ya kafa kamfanin Victor a 1901, ya ɓoye ƙahon da sauti ke fita cikin akwati a 1906 da injin da ya kira Victrola. A Landan kuma akwai Gramophone Company, masu tambarin Nipper, karen da ke sauraron ƙahon garmaho. Lambar da ke jikin ɗan farantin ƙarfen da ke manne a injin Victor tana kai ka ga shekarar ƙira.

Sai dai jabu a garmaho ya fi yawa. Masu ƙaton ƙahon tagulla mai sheƙi da tambarin kare, da yawansu haɗin baya-bayan nan ne daga Indiya, injin ƙaramin garmaho aka cusa a sabon katako. In ka ga hannun wani ya shiga a karkace, ka bar shi. Nemi HMV 102, ƙirar Gramophone Company mai kama da akwatin tafiya, ka sa mai shi ya yi masa wani ya juya faifai guda har ƙarshe a gabanka kafin ku yi ciniki.