Sharhi kan tafiyar rukuni zuwa Yankari da yarinya 'yar shekara biyu

Duk wadda take cikin zaurukan WhatsApp na iyaye mata a Kano ta san tallar da ake yawan turowa idan ƙarshen shekara ya gabato, mai ɗauke da hoton giwa da na ruwan Wikki, inda ake cewa a biya kuɗi a dunƙule a tafi gandun dajin Yankari na jihar Bauchi da iyali, mota da masauki da abinci da shiga daji duk suna ciki. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni muka bi a hutun Disamba, ni da maigidana da 'yarmu da ba ta daɗe da cika shekara biyu ba. Kuɗin da suke karɓa sananne ne ga duk wanda ya ga tallar, don haka ba zan tsaya a kansa ba. Abin da nake so in amsa shi ne tambayar da ƙawayena suka yi ta yi mini bayan mun dawo, wato ko wannan tsari ya dace da mai ƙaramin yaro.

Mun auna wurare da dama kafin mu tsaya a kan Yankari. Jos ta fara zuwa mana a rai, amma sanyinta na Disamba ya fi ƙarfin yarinyar da mura ba ta yi mata wuyar kamu. Obudu ta yi nisa ƙwarai ga wanda zai tashi daga Kano da goyo, fita waje kuma ba ta cikin lissafin aljihunmu a wannan shekarar. Yankari tana da abubuwa biyu da suka rinjaye mu: ana isa da mota cikin yini guda, sannan akwai ruwan ɗumi da yaro zai iya shiga ko da a tsakiyar hunturu ne.

A kan ruwan nan ba ni da abin cewa sai yabo, kuma da shi kaɗai zan yi wa tafiyar hukunci da na ce kowa ya ɗauki 'ya'yansa ya tafi. Maɓuɓɓugar Wikki tana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, ɗuminta yana tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma ruwan yana da haske har mutum yana ganin farin yashin da ke ƙasa da yatsun ƙafarsa. Tsawon wurin wankan ya kai kimanin mita 200. Kusa da bakin dutsen akwai zurfin da ya kusa mita 2, wanda ba wurin yara ba ne ko kaɗan, amma idan aka gangara ƙasa ruwan yana raguwa har ya zama yarinya tana iya tsayawa da ƙafarta muddin babba yana riƙe da hannunta. Da yake ruwan gudana yake yi zuwa kogin Gaji ba tsayawa ba, babu warin maganin da ake zubawa a wuraren ninƙaya na otal, wanda yake sa idon yara ya yi ja. 'Yarmu, wadda a gida sai an yi dambe kafin a zuba mata ruwa a ka, ta zauna a cinyar mahaifinta tana dukan ruwa da tafin hannu tana dariya, kuma da za mu fita sai da ta yi kukan a bar ta. Ban yi tsammanin haka ba ko kusa. Abin lura kawai shi ne matakalar da ake sauka zuwa ruwan tana da tsawo, saboda haka zanen goyo ya fi amfani a kan keken tura yara, kuma maza da mata wuri ɗaya suke shiga, don haka macen da ba ta son cunkoso sai ta nemi lokacin da jama'a ba su taru ba, wanda galibi safiya ce.

Safiyar nan kuwa ita ce ba mu samu ba, kuma daga nan ne matsalata da kamfanin ta soma. Kafin mu biya kuɗi na kira jami'insu na tambaye shi dalla-dalla: "Malam, a cikin dajin za mu kwana ko a gari? Ina da ƙaramar yarinya, ba na son yawan zirga-zirga." Ya amsa mini da cewa, "Hajiya, kwantar da hankalinki, a sansanin Wikki za a sauka, daga ɗakinki zuwa ruwa tafiyar ƙafa ce." Sai ana gobe za a tashi saƙo ya shigo cewa an mayar da masauki cikin garin Bauchi, ba tare da an faɗi dalili ba, ba tare da an ambaci rage ko sisi ba.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka wannan ƙaramin sauyi ne, alhali kuwa shi ne ya rushe tsarin tafiyar gaba ɗaya. Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri, kuma faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe zuwa Dindima, a karya kwana zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take, sannan daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji. Idan aka haɗa, ya haura kilomita 100 zuwa, haka kuma dawowa, a kan yarinyar da jiya ta sha tafiyar kusan kilomita 300 daga Kano ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, a cikin kwasta da babu wurin ɗaura kujerar yara, tana kan cinyata tun daga tashi har sauka. An ce za a bar masauki bayan sallar asuba, amma aka zauna jiran wasu samari da 'yan mata da suka kwana hira, har rana ta ɗaga. Ba mu isa Wikki ba sai gab da azahar.

A wannan lokaci ne jagoran kamfanin ya ce a hau motar shiga daji nan take, domin a cika abin da aka rubuta a takarda. Duk wanda ya taɓa zuwa irin wannan wuri ya san da sassafe ko da yamma ake fita kallon namun daji, saboda da tsakar rana dabbobi suna fakewa a inuwa. Ga shi a Disamba ciyawa ba ta gama bushewa ba, ruwa bai ƙafe a tafkuna ba, shi ya sa masu sanin dajin suke cewa a zo tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da ƙishirwa take tattaro dabbobi bakin kogin Gaji. Yankari tana da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya, amma giwa ba ta zaman jiran mai yawon buɗe ido, kuma bai kamata kamfani ya sayar da ita a talla kamar yana da ita a turke ba. Mun ga gwambaza da mazo da tsuntsaye masu kyau, ma'aikacin dajin da ya raka mu ya nuna mana sawun giwa da kashinta, ya kuma yi bayani cikin haƙuri da sanin aikinsa. Sai dai ni rabin hankalina yana kan korar tsando daga wuyan yarinya, wadda lokacin barcinta na rana ya wuce, motar tana jijjiga, ga ƙura, ga rana, tana ta kukan da uwa ta san ba na yunwa ba ne, na gajiya ne tsantsa.

Duk wannan da na haƙura da shi, domin tafiya da yaro ba ta rasa irinsa. Abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru bayan mun dawo sansanin.

Gwaggon biri a Wikki ba baƙo ba ne. Suna yawo tsakanin ɗakuna su da gadu, sun saba da mutane, sun kuma san leda da jaka abinci ne a ciki. Wannan ba laifin kowa ba ne, dajinsu ne muka shiga, kuma wani ma'aikacin wurin ya gargaɗe mu tun da muka sauka cewa kada a ci abinci a fili, kada a ba yaro wani abu ya riƙe a hannu. Amma tun da ba mu da ɗakin da za mu shiga mu rufe ƙofa, jagoran kamfanin ya sa aka sauke kulolin abinci a gindin wata bishiya ya ce a nan za a ci. Na ce masa, "Malam, ba ka ji abin da ma'aikacin nan ya faɗa ba? Ka bari mu masu yara mu ci a cikin mota." Ya ce direba ya kulle mota ya tafi salla, in yi haƙuri, ai birai ba sa cizon mutum. Na zauna na ɗora yarinya a cinya, na fito da fulas ɗin kunun gyaɗarta da ledar biskit, ina ƙoƙarin zuba mata a kofi. Ban ga tahowarsa ba. Wani ƙaton namiji ya faɗo daga bayanmu, ya fizge ledar da ke hannun yarinyar da ƙarfin da ya sa ta kife a kan ƙirjina, fulas ɗin ya faɗi kunun ya malale a ƙasa, shi kuma ya koma gefe kaɗan ya zauna yana yage ledar yana nuna haƙora. Allah Ya tsare, bai yage ta ba, sai ɗan ja a bayan hannu. Amma irin ƙarar da ta ƙwalla, da yadda jikinta ya dinga ɓari ta ƙanƙame ni, ba abu ne da zan so wata uwa ta gani ba.

Da na ɗaga kai, sai na ga jagoran da muka biya ya kula da mu yana riƙe da waya yana ɗaukar mu bidiyo yana dariya. Bai kori birin ba, bai tambayi lafiyar yarinyar ba. Ma'aikacin dajin ne ya rugo da sanda ya kore shi, ya duba hannunta, ya ce a wanke da sabulu da ruwa sosai, ya kuma ƙara da cewa da fatar ta yage lallai ne a kai ta asibiti a ranar saboda allurar rigakafi, domin ba a wasa da yagar biri ko cizonsa. Wata baiwar Allah daga cikin matafiyan, dattijuwa mai jikoki, ta ba ni ruwan zafi daga nata fulas ɗin na dama wa yarinyar madara. Maigidana ya je ya sami jagoran ya ce masa ya goge abin da ya ɗauka, ya amsa da "To, Alhaji, an gama." Da daddare muna hanyar komawa Bauchi wata 'yar'uwata ta turo mini bidiyon daga shafin kamfanin na Facebook, an ɗora masa kiɗa, an rubuta cewa a zo a sha nishaɗi a Yankari. Fuskar 'yata tana kuka, da fuskata, ba tare da izinin kowa ba. Sai da maigidana ya kira mai kamfanin da kansa, ya yi masa magana mai zafi, kafin aka cire shi washegari, bayan wanda zai gani ya riga ya gani.

Bayan abin da birin ya yi ne muka sauka ruwan da na yaba a sama, kuma shi ne ya dawo wa yarinyar da walwalarta, amma ko a nan ɗin ma ba a bar mu mun more ba, domin jagoran yana tsaye a kan matakala yana ƙwala kira cewa dare zai yi mana a daji. Gidan tarihin da ke sansanin, mai fatun dabbobi da hauren giwa da kayan da aka ƙwace daga mafarauta, leƙawa kawai muka yi. Kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey da aka jera a talla ko hanyarsu ba mu bi ba, ko da yake a gaskiya ba wuraren da zan ja 'yar shekara biyu ba ne.

Na so in ce kamfanin ya yi ƙoƙari a wasu ɓangarori, domin motar tana da lafiya, direban ba ya gudu, ɗakin da aka ba mu a Bauchi kuma yana da tsabta. Amma ina rubuta hakan sai na tuna cewa babu gidan sauro a ɗakin, namu da na ƙunsa a jaka ne ya cece mu, kuma abincin da suka tanada tun daga karin kumallo har na dare yaji ne zalla, babu ko farar shinkafa da za a ba yaro, duk da cewa a takardar rajista an tambayi shekarun kowane yaro, na kuma rubuta. Tsarin nasu an gina shi ne don matasa masu son ɗaukar hoto, waɗanda za su iya jure yunwa da rana da rashin barci, sannan aka liƙa masa sunan iyali domin a samu ƙarin masu biya.

Yankari kanta wuri ne da ya cancanci ziyara. Tun 1956 aka keɓe ta, aka buɗe ta ga jama'a a 1962, ta zama gandun daji na ƙasa a 1991 kafin ta koma hannun jihar Bauchi a 2006, kuma ba mu da wurare irinta da yawa a Arewa da za a ce a bar ta don wani ya ɓata maka rana guda. Idan zan koma da yaron da bai kai shekara uku ba, a motarmu zan tafi, in kama ɗaki a sansanin Wikki da kaina in tabbatar da shi kafin in bar gida, in shiga ruwa da safe, in bar yarinya ta yi barcinta na rana a bayan rufaffiyar ƙofa, shiga daji kuma mu yi karɓa-karɓa ni da mahaifinta maimakon a jijjiga ta a banza. Tafiyar rukuni kuwa, in ba yaranku sun kai shekarun makaranta ba, ban ba ku shawara ba.

Na rubuta wa kamfanin ina neman bambancin kuɗin da ke tsakanin ɗakin da aka yi mana alkawari da wanda aka ba mu. Amsar da na samu ita ce za su yi mini ragi a tafiyarsu ta hutun Sallah, kamar wadda ta ce tana sha'awar sake binsu. Na ce kuɗina nake so, kuma daga ranar ba su ƙara amsa saƙona ba.