Fararen haruffa a gefen taya: wanne za ka saya, wanne za ka guje wa

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ƙare wa hoton Ford Mustang ko Chevrolet Camaro na wajajen 1969 kallo ya san abin da nake nufi, tun kafin idonka ya kai kan fentin motar fararen haruffan nan na gefen taya sun riga sun tafi da hankalinka. A Amurka abin ya yi tashe, ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970, lokacin da faffaɗan farin zoben nan na motocin 1950 ya riga ya fita daga yayi, matasa suka koma son taya mai kama da ta motar tsere. Goodyear Polyglas GT, Firestone Wide Oval, daga baya BFGoodrich Radial T/A, su ne sunayen da suka riƙa yawo a ƙafafun Dodge Charger da Pontiac GTO. To yanzu abin ya dawo, kowa na son motarsa ta yi kamar ta da, kuma hanyoyin yinsa sun kai huɗu ko biyar. Na gwada uku daga ciki, ɗaya ta ci min kuɗi da rana guda cur a banza, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai tsira.

Mu fara da ta asali, wato tayar da ta fito da haruffanta daga kamfani. Mutane da yawa suna ɗauka fenti ne aka shafa, a'a, ba fenti ba ne. Farar roba ake shimfiɗawa a cikin gefen tayar tun wajen haɗa ta, a rufe da siririyar baƙar roba, bayan an gasa ta sai inji ya goge saman haruffan da suka taso, farin ya bayyana. Shi ya sa ba ya ɓarewa, ko ka gogi bakin titi farin na nan a ƙasa. In ka sayi sabuwa za ka ga haruffan shuɗi-shuɗi, kar hankalinka ya tashi, wani abu ne suke shafawa don kare farin daga baƙin sauran tayoyi a wajen ajiya, ruwa da sabulu da buroshi ke fitar da shi. Ba ni da abin da zan kushe a ingancinta. Babbar matsalarta ita ce girma. Yawancinsu na rim inci 14 ne da 15, sai na manyan motocin daji. In motarka tana kan inci 17 ko 18 mai siririn gefe, da wuya ka samu, kuma ba kai za ka zaɓi abin da aka rubuta ba, sunan kamfani ne kawai. Sannan tayoyi huɗu za ka canza ko da naka da sauran ƙarfinsu.

Alƙalamin fenti kuwa ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Kana shafawa yau, sati biyu ko uku ya koma ruwan ƙasa ya fara tsagewa, kuma haruffan da ke jikin tayarka kawai zai bi, ba zai sa komai ya taso ba. Sitikar nan ma da ake ɓare bayanta a manna, ta ranar ɗaukar hoto ce ko baje kolin motoci, wanki ɗaya mai ƙarfi ta tafi.

Wanda ni na tsaya a kai, kuma shi zan ce wa kowa ya saya, shi ne haruffan roba na gaske da ake liƙawa da gam na musamman. Robar tana da kauri, in ka shafa da yatsa za ka ji ta taso kamar ta kamfani, kuma daga taku biyar ba mai iya bambance ta da tayar asali sai wanda ya san harkar sosai. Kai za ka zaɓi kalmar, kai za ka zaɓi tsayin harafi da launi, fari in kana son irin na da, rawaya in kana son irin na tayoyin Goodyear a tseren motocin NASCAR na Amurka. Abin da ya fi burge ni shi ne ana yanka su daidai da lanƙwasar tayarka, shi ya sa mai sayarwa na ƙwarai abu na farko da zai tambaye ka shi ne lambar taya. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Lambar nan tana da amfani wajen zaɓen tsayin harafi. Ɗauki 225/45R17 misali: faɗin tayar milimita 225 ne, tsayin gefenta kashi 45 cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 101. Amma ba duka 101 ɗin ne fili ba, akwai wanda bakin rim ya cinye, akwai kafaɗar da ke kusa da inda take taka kwalta, abin da ya rage maka mai santsi bai kai rabi ba sau da yawa. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. A irin wannan tayar harafi mai inci ɗaya ya wadatar, in gefen ya fi haka siranta ka sauko ƙasa da inci, in kuma taya ce mai tudu irin mai kashi 60 ko 70 to inci ɗaya da kwata ko da rabi zai zauna ɗas. Kar ka yi hasashe da ido, ɗauki abin awo ka durƙusa ka auna. Ni dai ina ganin manyan haruffa a siririyar taya suna kashe kamar ta da ɗin da ake nema gaba ɗaya, motocin 1970 haruffansu ba su cika gefen taya ba, akwai baƙi sama da ƙasa, wannan baƙin ne ke fito da farin.

Wajen liƙawa, wallahi rabin aikin wanki ne. A cikin robar taya akwai wani sinadari da ake kira 6PPD, an sa shi ne don kare ta daga tsagewa, kuma yana ta tasowa saman roba a hankali tsawon rayuwar tayar, shi ne ruwan ƙasan nan da kake gani a gefen tayar da ta kwana biyu ba a wanke ba, shi ne kuma ke cinye fentin alƙalami. Ga kuma man sheƙin taya da mutane ke fesawa, mai silikon, gam ba ya kama shi sam. In kana shafa man nan ka daina tun kwanaki kafin aikin. Wanke da sabulu da buroshi mai tauri, bar ta ta bushe, sannan ka bi wurin da asiton, sinadarin nan mai goge fenti, a farin tsumma, ka goga, ka canza tsumma, ka sake gogawa, har sai tsumman ya daina yin baƙi. Zai iya kai ka sau biyar ko shida a taya ɗaya, kar ka gaji. 'Yan gashin roban nan da ke tsaye a jikin sabuwar taya ka yanke su da almakashi a inda harafi zai zauna. Jera haruffan da tef tukunna ba gam, ka ja baya ka kalla, in sun yi maka sai ka fara. Gam siriri har bakin harafi, danna da tafin hannu sosai musamman kusurwoyi don daga nan ɓarewa ke farawa. Takardar da ke cikin kwalin za ta faɗi lokacin jira, ni dai kwana guda nake barin motar ba tuƙi ba wanki. Kuma kar ka rufe lambar DOT, wato layin da ke nuna lokacin da aka ƙera tayar, da girman taya da adadin iska da nauyin da take ɗauka, mai faci da mai duba mota suna buƙatar ganinsu.

To yanzu ga inda na ƙone. Karon farko na ga wasu a intanet, hoton ya yi kyau ƙwarai, an rubuta wai suna shiga kowace taya, ban tsaya tunani ba na saya. Da suka iso na ji su da tauri kamar murfin bokiti, na ce ƙila haka suke. Gam ɗin cikin ɗan ƙaramin bututu ne ba suna ba komai. Na yi wankin nan duka yadda ya kamata, na liƙa, na jira. Kwana goma ba su cika ba na dawo daga tafiya na tarar haruffa uku babu, biyu sun ɗaga baki, sauran sun fara rawaya. Abin da ya fi ci min rai ba haruffan ba ne, gam ɗin ne, ya bushe ya zama farin ƙanzo a jikin tayar, sai da na yini ina kankara a hankali ina tsoron kar in ji wa robar ciwo.

Daga baya na gane dalili. Gefen taya ba a tsaye yake ba, duk juyi ɗaya sai ya lotsa in ya zo ƙasa ya miƙe in ya hau sama, kuma taya irin wadda na ambata tana juyawa kusan sau 500 a kilomita ɗaya. Tafiyar kilomita 100 kenan lanƙwasa dubu hamsin, ga zafi ga ruwa. Gam ɗin gida mai saurin kamawa in ya bushe kamar gilashi yake, ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Harafin leda mai tauri shi ma haka. Dole harafin ya zama roba mai bin taya, gam ɗin ma ya zama wanda in ya bushe yana da sauran laushi.

Saboda haka ɗan uwa kafin ka biya ka duba waɗannan. Duk wanda ya ce maka nasa na shiga kowace taya, ka wuce, lanƙwasar inci 15 da ta inci 19 ba ɗaya ba ce, in kalmar a haɗe take za ta karkace ko ta tattare. Duk wanda bai tambaye ka lambar taya ba bai yanka don kai ba. Ka nemi hoton kusa na gefen harafin don ka ga kaurinsa, da hoton motar wanda ya yi watanni da sawa, don masu jabu hotunan kamfanonin gaske suke kwashewa su ɗora, wani lokaci har da tambarin wasu a kusurwa ba su goge ba. Ka karanta ra'ayin masu saye na bayan wata uku ko shida, na ranar farko ba ya gaya maka komai, kowa na murna ranar farko. In kayan sun iso, kafin ka buɗe gam, ɗauki harafi ɗaya ka naɗe shi a yatsa: na gaske zai naɗu ya dawo yadda yake, na jabu zai bar farin layi a wurin lanƙwasar ko ya ƙi komawa. Gam ba suna ba kwanan wata ba takardar bayani, kar ka sa shi a tayarka, gam ma yana tsufa a cikin bututu. Akwai kuma masu sayar da sitika ta wucin gadi da sunan ta dindindin, in ka ga bayan harafin da takardar ɓarewa kuma babu gam daban a kwalin, ka san abin da aka aiko maka.

Wata cutar da ta fi wannan haɗari tana wajen masu neman tayar kamfani. Za a nuna maka tsohuwar taya mai fararen haruffa, zanenta cike ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba, a ce maka ta asali ce tun zamanin. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba. Duba lambobi huɗu na ƙarshen layin DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. In lambobi uku ka gani to kafin shekarar 2000 aka yi ta, wannan ta ado ce a ɗaki, ba ta titi ba. Manyan kamfanonin taya suna cewa in ta kai shekara 10 a sauke ta ko ya take, wasu masu ƙera motoci ma shekara 6 suke cewa. In kamannin da kake so, akwai kamfanoni irin Coker Tire na Tennessee da ke sake ƙera tsofaffin samfura da sabuwar roba. Sai dai ka lura, wasu daga cikinsu irin saƙar da ce ba radiyal irin ta tayoyin yau ba, kuma ba a haɗa iri biyun a mota ɗaya yadda aka ga dama, riƙon titinsu ya bambanta.

Sai masu cewa kawo in gurza maka gefen da inji farin ya fito. Roƙonka nake kar ka yarda. Baƙar taya ta yau da kullum babu farar roba a cikinta, kuma robar gefe siririya ce, zaren da ke riƙe da iska na nan kusa a ƙarƙashinta, in aka taɓa shi ba a faci a gefen taya, sai dai sabuwa, in ma ba ta fashe da kai a kan gudu ba kenan.

Bayan ka liƙa naka na gaske, kulawar ba wuya. Sabulu da ɗan buroshi duk lokacin wanki, man sheƙi kar ya taɓa farin don shi ke mayar da shi ruwan ƙasa, in kana so ka shafa a baƙin kawai da soso ka kewaye haruffan. Injin wanki mai feshin ƙarfi kar a kafa bakinsa a gefen harafi. Wajen fakin kuma ka riƙa barin tazara da bakin titi, nan ne kawai na kamfani ya fi na liƙawa, gogawa ɗaya mai kyau za ta iya ɗauke harafi. Shi ya sa lokacin saye nake cewa a ƙara min 'yan haruffa na ajiya da ragowar gam. Nawa na biyun sun haura shekara yanzu, harafi ɗaya kawai na canza, shi ma ni na goge shi da kankare wajen juyawa, minti goma na mayar da sabo.