Tutar Nunavut a wani shagon Fagge

Na kai wa wani shagon buga tutoci da ke Fagge aikin tutar Nunavut, yankin arewacin Kanada da aka kafa a 1999, domin baje kolin makarantarmu. Mai shagon ya raba rawaya da fari daidai, ya kuma zaunar da shuɗin tauraron arewa a kusurwar sama ta dama. Sai dai jan inuksuk na tsakiya, wato jerin duwatsun da Inuit, 'yan asalin yankin, ke kafawa don nuna wa matafiya hanya, yaronsa ya yi masa ido da baki, wai, "Malam, ai mutum ne." Dole aka sake bugawa. Yadin dai mai kauri ne, kalmasa ta fita tsaf, kuma ba a ƙara mini ko kwabo ba.