Upa ko Zamewa da Gwiwar Hannu: Wacce Ta Fi Fitar da Kai?

A jiu-jitsun Brazil, wani salon kokawa da aka fi yi a ƙasa, idan abokin karawa ya haye ruwan cikinka, ya ci maki 4 a dokar IBJJF (wata babbar ƙungiya mai shirya gasar wasan a duniya), numfashi kuma ya soma yi maka wuya. Mafita biyu aka fi koyarwa.

Ta farko upa. Ka maƙale hannunsa ɗaya a ƙirjinka, ka tare ƙafarsa ta wannan ɓangaren da taka, ka cilla ƙugu sama, ka mirgina ta kan kafaɗa. Nan take ka koma sama. Amma in ƙafar nan ta kuɓuce, da ita zai tokare, ƙarfinka ya tafi a banza. Juyin ma ba ya kawo maki.

Ta biyu, zamewa da gwiwar hannu, sai da haƙuri. Ka karkata gefe, gwiwar hannunka na tura gwiwarsa, kana janye ƙugu kaɗan-kaɗan har ƙafarka ta fito ta sarƙe tasa. Kana nan a ƙasa, amma tana aiki ko da ya fi ka nauyi, shi ya sa na fi amincewa da ita.

Gogaggu kan haɗa su: upa ta sa shi dafa ƙasa, giɓin da ya buɗe a zame ta nan. Kada dai ka miƙe hannu kana tura ƙirjinsa, hannun zai kama ya lanƙwasa.