Garin lallen kasuwar Katsina: wanda ya dace da ƙafar amarya da wanda za ki bar wa mai shi

Duk wadda ta shiga Babbar Kasuwar Katsina neman lallen biki za ta tarar da abu huɗu ana kiransu da suna ɗaya. Akwai garin ganye da ake aunawa da gwangwani ko a ƙulla a leda, akwai wanda ake shigowa da shi a kwali daga Indiya, Pakistan ko Sudan, akwai kwaɓaɓɓe na matsawa, sannan ga dayis da ake yin baƙin zane da shi. A cikin huɗun nan, na awo shi ne mafi araha, kuma idan sabo ne babu wanda ya kai shi kama fata da daɗewa. Matsalarsa ɗaya ce, yana buƙatar aiki kafin ya hau jiki, kuma sai kin iya zaɓe.

Zaɓen kuwa a gaban mai kaya ake yin sa. Sabon gari kore ne mai ɗan duhu, irin koren busasshen zogale, kuma yana da ƙamshin sabuwar harawa da za ki ji tun kafin ki kai shi hanci. Wanda ya sha rana a faranti buɗe yakan koɗe ya koma ruwan ƙasa, ƙamshin ya tafi, kuma ƙarfin rinin ya tafi tare da shi. Ki fi jin tsoron wanda korensa ya yi shar fiye da kima, domin akwai masu zuba wa tsohon gari kala don ya yi kama da sabo. Gwajin ba shi da wahala. Ki ɗebi kaɗan a kan farar takarda, ki ɗiga ruwa, ki jira minti biyu ko uku. Idan kore ya malalo gefe, an sa kala. Lalle na gaskiya ba ya zubar da kore, ruwansa ja-ja ne mai ɗan ruwan goro, shi ma sai ya ɗan jima. Sai ki murza ɗan garin tsakanin cokali da faranti. Ƙaras-ƙaras ɗin da za ki ji yashi ne, ko dai daga wurin shanya ko an ƙara don awo ya cika. Ki roƙi mai kayan ya ɗebo miki daga cikin buhu, ba na saman faranti ba. Mai kaya nagari ba ya jin haushin wannan, hasali ma shi zai fara ce miki, "Hajiya, bari in buɗe miki na ciki."

Ko da kin dace da mai kyau, dakan turmi ne ko niƙan inji, don haka akwai tsinke da jijiyar ganye a ciki. Rariyar tuwo ba ta isa ba. Ki fara da ita, sannan ki ɗaure tsohon mayafi mai shara-shara a bakin kwano, ki zuba garin kina goga shi da bayan cokali har ya wuce. Idan ƙunshin salatif za a yi, wato wanda ake manna yankakken salatif a fata kafin a shafa lalle don ya fitar da zane, tankaɗe ɗaya da mayafi ya wadatar. Idan zane ne da ledar matsawa, sai an yi biyu, domin tsinke guda ɗaya ya isa ya toshe bakin leda, mai ƙunshi ta matsa da ƙarfi, lallen ya fashe a tsakiyar fure. Ki sa a lissafi cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu zai iya tsayawa a rariya, ki sayo da ƙari. Dusar kuma kada a zubar, ana kwaɓa ta don gashin kai.

Ga awo. Ƙunshin amarya cikakke, ƙafa biyu har idon sawu da tafin hannu biyu, yana cin gwangwanin madara biyu zuwa uku na tankaɗaɗɗen gari, saboda kauri ake so. Zane kaɗai rabin gwangwani ya ishe shi. A kowane gwangwani ɗaya ki matse lemun tsami 3 ko 4, ki tace da kyau, ki sa sukari cokali ɗaya babba, sannan ki riƙa ƙara ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya yi kaurin kunun da cokali ke tsayawa a ciki. Tafasasshen ruwa kuskure ne da ake yawan yi, yana fitar da rinin nan take ya kuma kashe shi kafin a kai ga shafawa. Lemun tsamin yana riƙe rinin ya daɗe da ƙarfinsa, amma in ya yi yawa yana busar da fata, musamman ga mai kaushi. Sukarin shi ke sa lallen ya manne maimakon ya bushe ya farfashe. Mahalabiya ƙamshi take ƙarawa da laushi, kuma rabin ƙaramin cokali ya isa.

Bayan kwaɓi sai jira, kuma nan ne gidajen biki da yawa ke yin asara. Ki lulluɓe kwaɓin da leda ta taɓa samansa, ki ajiye a inuwa. A zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu awa 4 zuwa 6 ta isa. Da hunturu sai ya kwana, wani lokacin ma ya ƙara rabin yini. Alamar ya tashi ita ce samansa ya yi duhu, cikinsa na nan kore. Ki ɗiga kaɗan a tafin hannu, ki goge bayan minti biyar. In ya bar tabo mai ruwan lemu, ya yi. In an bar shi ya wuni ya kwana a zafin bazara, ya wuce, kuma duk awoyin da amarya za ta yi a zaune ba za su ba da komai ba sai ja mai fari-fari. Wanda ya rage a sa shi a firiza, yana ajiyuwa. Firij kaɗai ba ya hana shi mutuwa.

Salatif ma yana da nasa hukunci. A wanke ƙafa da sabulu, a goge kaushi, kada a shafa mai ko kaɗan, domin mai yana hana salatif kamawa, yana kuma shiga tsakanin lalle da fata. A danne gefen kowane yanka da farce. In an bar ƙofa ko da kamar kan allura ce, zufa za ta ja lallen ya shiga ƙarƙashi, layin da ya kamata ya fito fes ya zama dabbare-dabbare. A shafa da kauri, a naɗe da leda, a sa safa. Kakanninmu zunguru suke zura hannu a ciki, kuma hikimar ɗaya ce, a riƙe ɗumi da danshi. Awa 6 zuwa 8 ake so. Da hunturu a kawo kaskon wuta kusa, ba don a gasa ƙafa ba, don sanyi yana hana kamu. Da bazara kuwa kada a matse ledar sosai, zufa ce abokiyar gaba.

In an kwance, a kankare da bayan cokali, a shafa man gyaɗa ko man kaɗe, a nisanci ruwa gwargwadon iko na wasu awoyi. Alwala ba ta hana shi kyau, a dai bar sabulu da omo. Abin da uwar amarya da gwaggonni ya kamata su sani shi ne, launin da aka gani ranar kwancewa ba shi ne na ƙarshe ba. Yana fitowa ruwan lemu, sai iska ta yi ta dafa shi har kwana biyu kafin ya zama ja mai duhu. Saboda haka a yi ƙunshi kwana biyu kafin ranar da ake son a gani. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kamawa saboda kaurin fatarsu, bayan hannu kuwa kullum ya fi haske, wannan ba laifin mai ƙunshi ba ne. Mai kyau yakan kai mako biyu zuwa uku, a farce kuma sai farcen ya fita da shi.

Na kwali ya fi laushi nesa ba kusa ba, kuma ga mai zane yana rage wahala. Ki duba ranar da aka haɗa shi, ki kuma tabbatar na jiki ne, domin akwai na gashi da aka cakuɗa da wasu abubuwa. Ya fi tsada, kuma in ya daɗe a shago, na awo sabo ya fi shi.

Kwaɓaɓɓen na matsawa da ke kamawa cikin minti ashirin ya dace da mai gaggawa kawai. Kwaɓin lalle na gaskiya ba ya wata da watanni a kan kanta yana aiki, don haka abin da ke ciki kala ce da magungunan hana lalacewa. Yana yin ja ranar farko, bayan kwana kaɗan ya fara ɓarewa kamar fenti.

Dayis kuwa ba mu ba kowa shawarar sa shi. Rinin gashi ne, kuma yawancinsa na ɗauke da sinadarin PPD, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba. Cutarwarsa ba ta bayyana a ranar. Bayan kwanaki sai ƙaiƙayi, sai kumburi da ƙuraje masu ruwa su fito daidai da siffar zanen, fure a inda fure yake, kuma tabon kan daɗe. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ƙin ya zauna ke nan, har rinin gashi ba za ta ƙara iya amfani da shi lafiya ba. "Ai na sha yi ban ga komai ba" ba hujja ba ce, domin jiki na iya juyawa a karo na goma. In kumburi ya fito a tafi asibiti, kada a tsaya shafe-shafe. Haka nan ranar suna, mai jego ta yi ƙunshinta, amma kada a sa wa jariri ko da jan lalle ne. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare ƙwayoyin jini, abin da ya yawaita a yankinmu, kuma lalle na iya farfasa musu ƙwayoyin jini.

Gidan da ke da 'yan mata da yawa ya fi masa sauƙi ya dasa nasa. Lalle na son rana da ƙasa mai yashi, irin tamu ta Katsina da Daura. A farkon damina a yanko reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya, a zage ganyen ƙasa, a binne rabinsa a jikin katanga inda rana ke bugawa, a bar kamu ɗaya tsakanin kowane biyu. A dasa shida ko takwas, domin ba duka ke kamawa ba. Ruwan da ke kwanciya a gindi yana ruɓar da saiwa, akuya kuma ba ta barin sabon toho, sai an kewaye da ƙaya ko tsohon kwando. A barbaɗa toka a gindi saboda gara. Da hunturu zai zubar da ganye, ba mutuwa ya yi ba. Daga shekara ta biyu ana iya fara yanka, kuma ƙananan ganyen kan reshe sun fi rini. A shanya a inuwa a kan tabarma, ba a ƙasa ba, har ganyen ya riƙa karyewa a hannu, a daka a busasshen turmi, a zuba a kwalba mai murfi a ajiye inda haske ba ya kaiwa.